MAYAFIN DA YA TSAYA DA KANSA

Yau kam ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba kamar yadda na saba, abin da ya faru da ni ne ni da kaina, kuma na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na iya rubuta shi. Duk wadda ta karanta ta ga laifina ba ta yi ƙarya ba, don ni ma na gani.

A falon Yayata da ke aure a Legas akwai wani ƙaton hoto cikin firam mai ruwan gwal. Hoton ranar liyafar bikinta ne, tana tsaye a bakin ruwa, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, farin mayafinta ya miƙe a bayanta ya tsaya a sama cak kamar fiffike. Ba baƙuwar da za ta shiga falon nan ba ta ce, "Kai! Mai hoton nan gwani ne, dubi yadda iska ta ɗaga mayafin." Ni kuwa duk lokacin da na ji haka sai na sunkuyar da kai, domin na san abin da ya ɗaga shi.

Bari in faro muku tun daga tushe. Mu biyu mahaifiyarmu ta rasu ta bari, Yaya tana da shekara 7 ni ina da 3. Goggo, yayar Babanmu, ita ta kwashe mu ta kai mu ɗakinta a Gwammaja cikin Kano. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa, sana'arta koko da ƙosai. Tun kafin assalatu take tashi ta hura wuta, in gari ya waye ta gama tuyar farko ta sallame mu makaranta. Da kuɗin ƙosan nan aka ɗinka mana yunifom, da shi aka biya mana kuɗin jarrabawar fita sakandare, da shi ta yi ta zuba adashi tana tara wa Yaya kwanuka da tukwane. Bayan hannunta na dama kuwa duk tabon mai ne, ɗigo-ɗigo kamar an yi mata zane.

Hoto ɗaya tal Goggo ta mallaka a duniya, baƙi-da-fari, wanda aka ɗauke ta tana amarya a wani shagon hoto a Sabon Gari. Tana zaune a kujera ta ɗora hannu a gwiwa, a bayanta an rataya labule mai zanen ruwa da jirgin ruwa da bishiyar kwakwa. In ta ji nishaɗi sai ta buɗe adaka ta ɗauko mana shi ta ce, "Kun ga tekun nan? Zane ne aka yi a ƙyalle. In da rai da rabo wata rana sai na tsaya a gaban ta gaske an ɗauke ni." Mu yi ta dariya. Wata damina ruwa ya shigo mana ɗaki, danshi ya kama adakar, kafin mu ankara gara ta cinye hoton. Tun daga nan ba ta da wani hoto sai na jikin katin zaɓe.

A watan Disamba na 2022 Allah ya kawo auren Yaya. Angon daga Hausawan Agege ne, irin gidajen nan da fataucin goro ya kai kakanninsu Kudu, tun bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Kano da Legas a 1912, suka zauna suka hayayyafa ba su yar da Hausarsu ba. A Kano aka yi kamu da sa lalle da yini, aka ɗaura aure, sannan dangin ango suka ce in an kawo amarya za su yi tasu liyafar a wani wurin biki da ke bakin ruwa.

Wallahi mai karatu ranar da na ji haka kusan ban yi barci ba. Littafi biyu na rubuta a lokacin, kuma a kowanne sai da na kai jarumata Legas na zaunar da ita a bakin teku iska tana kaɗa mata gashi, alhali ƙafata ba ta taɓa wuce Kaduna ba. Na sayi sabon littafin rubutu na sa a jaka, na ce wannan karon gani zai kori ji.

Amarya da ƙawayenta biyu aka biya musu jirgin sama. An so a haɗa da Goggo ta ce ita sam, abin da ba shi da tasha a hanya ba za ta hau ba. Don haka ni da ita da sauran 'yan rakiya muka hau doguwar mota. Tun daga Zariya take roƙona in an zo babban kogi in tashe ta. Cikin dare muka haye kogin Kwara ta gadar Murtala da ke kusa da Lakwaja, ita tana barci ni ma ina barci. Da gari ya waye ta ji an wuce sai ta ce, "Haba Auta, amanar ke nan?" Na ce, "Yi haƙuri Goggo, wanda ya fi shi yana gaba." Kafin mu isa Agege ƙafafunta sun kumbura sun yi sumtum, takalmin da na saya mata na biki ya ƙi shiga.

Ranar liyafa an ce ƙarfe biyar za a fara hoto. Ga kwalliyar amarya da ta ci awa uku, ga jiran wance ta ɗaura ɗankwali, ga gosulon Legas wanda sai wanda ya gani. Muka hau doguwar gadar nan ta uku da ta haɗa gari da tsibiri, wadda aka buɗe a 1990, tsawonta ya kusa kilomita 12, ruwa dama ruwa hagu. Goggo ta manna fuskarta a gilashi tana ta salati. Da ta hango gidajen katako na Makoko a tsaye bisa sanduna a tsakiyar ruwa, yara ƙanana suna tuƙa kwalekwale, sai ta dafa ni ta ce, "Auta, mutane ne a ciki? Ikon Allah sai kallo." Direba ya ce, "Mama ai wannan ba teku ba ce, tafkin Legas ne, can gaba bakinsa ya haɗe da teku." Ta ce, "Kai dai ja motarka ɗan nan, ni teku na gani."

Sai bayan ƙarfe shida muka isa. Wurin a ɓangaren Lekki yake, an shimfiɗa katako tun daga bakin zauren biki har kan ruwa, daga nesa ana hango gadar nan mai igiyoyi da ta haɗa Lekki da Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013. Ga dogayen benaye sun jeru a ɗaya gaɓar, ga ƙananan jiragen ruwa na masu hali suna wucewa. Na ce a raina, lallai abin da na rubuta a littattafaina wasan yara ne.

Mai hoton yana tsaye yana ta duba agogo. Saurayi ne ɗan Hausawan can, da kyamara biyu a wuya, da yara biyu, ɗaya yana riƙe da fitila mai lema, ɗaya da wani faifai mai sheƙi kamar azurfa da ake mayar da haske kan fuska. Har da ɗan jirgin nan mai ƙugi kamar zirnaƙo da ke ɗauka daga sama. Da yake ni Yaya ta wakilta kan harkar hoto, ni ya tara da faɗa. Ya ce, "Ƙanwar amarya kun kashe ni. Hoton bakin ruwa ba kamar na cikin ɗaki ba ne. Da rana tsaka ruwa madubi ne, haske yake watsowa, ido ya ƙanƙance, kwalliya ta narke, in kuma ruwan yana bayan mutum fuska ta fito baƙi ƙirin. Ɗan lokacin nan kafin magariba shi ne kawai namu, ranar ƙasar nan kuwa ba ta jira, tana taɓa ƙasa duhu ya shigo. Abin da ya rage mana bai fi minti ashirin ba."

Ana cikin wannan Goggo ta jawo gefen gyalena ta ce a hankali, "Auta, ki ce wa yaron nan ya ɗauke ni guda ɗaya, ruwan nan a bayana."

Na ce, "To Goggo, bari a gama da amarya."

Aka fara. Amarya ita kaɗai, amarya da ango, amarya da ƙawaye cikin ankonsu ruwan hoda, ango da abokai. Sai iska ta taso daga kan ruwa, ta riƙa kwaso mayafin Yaya tana rufa mata a fuska. A gyara ya dawo, a gyara ya dawo. Mai hoto ya ɗaga murya ya ce a samu wata ta riƙe bakin mayafin ta baya. Ƙawaye kowacce ta duƙufa kan wayarta tana ɗaukar kanta, ni kuma ina gudun kada ɗaurina ya warware. Sai ga Goggo ta ajiye 'yar ledarta ta goro da carbi, ta tako da kumburarriyar ƙafa tana ɗingishi, ta kama bakin mayafin da yatsu biyu.

"Mama ja baya kaɗan. Ƙara. Ɗaga hannun sama. Yawwa, tsaya a haka!"

Ta tsaya, ta miƙe hannu iya tsawonsa, ta karkatar da jikinta gefe don kada ta ɓata wa 'yarta hoto. Ya yi ta dannawa yana cewa, "Masha Allah! Wannan shi ne hoton bikin."

Da ya sauke kyamara sai ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ƙanwar amarya, wannan tsohuwar mai aikin gidanku ce?"

'Yan uwana, a nan ne na faɗi. Na dubi Goggo, silifas ɗin roba a ƙafarta, hijabinta ruwan ƙasa ya koɗe, don leshin da dangin ango suka aiko mata ta ce ƙaiƙayi yake mata ta ninke ta ajiye. Na waiwaya gefena, ga ƙannen ango sun sha leshi da gwal suna ƙamshi, kunnensu yana wajenmu. Da na buɗe baki sai na ji na ce, "Tare muka zo."

Ban ce eh ba, amma kuma ban ce uwarmu ce ba. Shi kuwa ya gyaɗa kai ya wuce.

Aka shiga ɗaukar dangin ango, gida-gida, wannan Hajiya ta ce ba ta fito da kyau ba a sake, waccan ta ce a jira mijinta. Sau biyu muna haɗa ido da Goggo ina yi mata alama da hannu wai ta ɗan jira. Can ta dubi sama ta ce magariba ta yi, ta tafi neman wurin alwala. Kafin ta idar ta dawo duhu ya rufe, ruwan ya zama baƙi, ba a ganin komai sai fitilun gada, mai hoto kuma ya kwashe kayansa ya shige zaure. Ta tsaya ta dubi wajen ta ce, "Af, ruwan ya tafi?" Na ce, "Gobe sai mu dawo Goggo." Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ba komai Auta, ai ido ya gani."

Goben ba ta zo ba. Aka yi buɗar kai, aka yi jeren da ya rage, jibi muka hau mota muka kamo hanyar Kano.

Bayan mako biyu mai hoto ya turo min hotuna ta WhatsApp, sun fi 400, ya ce in zaɓi 80 na albam da guda ɗaya na firam. Ina cikin dubawa na iso kan wancan. Yaya ta yi kyau kamar ka sace ta ka gudu. A can gefe kuma ga Goggo, hannu a sama, ba ta kallon kyamara, ba ta kallon amarya, ruwa take kallo, bakinta a ɗan buɗe kamar yarinyar da aka kai kallon hawan sallah. Sai ga saƙonsa ya shigo: "Wannan ya fi dacewa da firam. In cire tsohuwar? Zai fi tsari."

Na rubuta masa, "Cire ta."

A zamanin su Goggo, fim mai ɗaukar hoto 36 ake sa wa kyamara, a kai a wanke, wanda ya shiga ya shiga, ko da kwandon ƙosai a kansa. Yanzu kuwa da kwamfuta ake share mutum a cike gurbinsa da ruwa da sararin sama, kamar Allah bai taɓa halittarsa a wurin ba. Ko awa ɗaya ba a yi ba ya dawo min da shi. Babu Goggo, babu hijabi, babu silifas, mayafi ya tsaya a iska shi kaɗai. Na ji daɗi har na tura wa ƙawayena. Da wayata ta cika kuma na bi sauran da ban zaɓa ba na goge su kaf.

Washegari da safe na kai wa Goggo ta gani, tana bakin kasko. Ta goge hannu a zani, ta karɓi wayar ta nesanta ta da ido, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Masha Allah, 'yata ta yi kyau. Ikon Allah, ashe mayafin nan da kansa ya tsaya." Ta yi murmushi ta miƙo min wayar, ta ɗauki matsami ta ci gaba da juya ƙosanta. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban sake ba. Na so a ce zagina ta yi.

A watan Agusta na 2023, cikin damina, zazzaɓi ya kwantar da ita kwana uku, ranar na huɗu da asuba Allah ya karɓi abarsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da 'yan uwa na nesa suka ce a turo hotonta, aka bincike wayoyin gidan nan kaf ba a samu ba, sai katin zaɓenta aka ɗauka, fuskar a daƙune ko kama ba ta yi da ita.

Ana yin sadakar bakwai na kira mai hoto hannuna yana rawa. Na ce, "Malam don girman Allah, hoton nan na firam, na asalin nake so, wanda ba a taɓa ba." Ya ce wata shida yake ajiye na asali, daga nan sai ya share don ya sami wurin zuba na wasu bukukuwan, amma zai duba. Bayan kwana biyu ya kira ya ce babu. Da na gaya masa ko wace ce sai ya yi shiru, can ya ce, "Allah ya ji ƙanta. Wallahi ƙanwar amarya da kin ce min uwa ce, da ita zan fara kafin kowa." Ban ga laifinsa ba, ya tambaya, ni ce na ba shi amsa. Na bi hotuna 80 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, abin da na samu kawai gefen hijabi ruwan ƙasa a kusurwar wani hoton ƙawaye.

Na riƙe abin a cikina, ban gaya wa kowa ba, har 2024 da Yaya ta haihu na tafi Legas suna. Mace ta haifa, aka mayar da sunan Goggo, muna kiranta Ummi. Da daddare bayan baƙi sun watse muna zaune mu biyu a falo, na kasa daurewa, na ja hannunta zuwa gaban hoton na ce, "Yaya dubi nan." A can ƙarshen mayafin akwai wani ɗan wuri da ya tattare ya yi tsini, daidai inda yatsu biyu suka kama. Kwamfuta ta share hannun amma ba ta miƙar da ƙyallen ba. Na kwashe komai na gaya mata, tun daga "tare muka zo" har "cire ta", ina jiran ta ɗauke ni da mari.

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sai na ga hawaye yana bin fuskarta. Ta ce, "Auta, ai ni aka riƙe wa mayafin. Ina jin ƙamshin man zafin da ta shafa a ƙafa a bayana. Ranar da aka kawo firam ɗin nan na ga ba ta ciki, na ce ya yi kyau, ban tambayi kowa ba." Muka rungume juna muka yi kukan da ko ranar rasuwar ba mu yi irinsa ba.

Na ce a sauke hoton, ta ce ba za a sauke ba. Yana nan a rataye har yau. Abin da ya canza, duk baƙuwar da ta yaba iskar da ta ɗaga mayafin, ko ƙanwar mijinta ce, Yaya takan ce, "Ba iska ba ce, uwarmu ce ta riƙe shi." Sannan ta nuna mata wurin yatsun.

To 'yan uwana mata, musamman amare da ƙannen amare, ban ce kada a je bakin ruwa ba, ban ce kada a yi hoto mai kyau ba. Roƙona kaɗan ne. Tun kafin ranar ku zauna ku rubuta sunayen tsofaffinku, ku ba mai hoto, ku nuna masa su da bakinku, ku ce wannan uwa ce, wannan kaka ce, domin shi kaya yake gani, bai san wanda ya yi wahalarku ba. A fara da su tun da sauran haske, ƙawaye su jira, su ko a duhu sa ɗauki kansu. Ku karɓi hotunan asali gaba ɗaya ku adana, ku wanke na iyaye a takarda, kada ku dogara da waya. In kuma aka ce muku a cire wani don hoto ya yi tsari, ku tsaya ku dubi wanda za a cire ɗin da kyau kafin ku ba da amsa. Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, ni dai na gani a kaina.

Littafin rubutun da na tafi da shi Legas yana nan a jakata, ban iya rubuta ko layi ɗaya a kan tekun ba. Ina roƙon duk wadda ta karanta wannan ta sa Goggo a addu'a. Allah ya ji ƙanta, ya sa Aljanna ce makomarta, ya shayar da ita daga ƙoramunta, mu kuma ya yafe mana abin da muka yi wa iyayenmu muna sane da wanda ba mu sani ba, amin.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Taku a kullum.